Waƙafin Sajan Philemon

Mahaifinmu, Sajan Philemon mai ritaya, ba ya cewa a'a. A wurinsa a'a maganar ragwaye ce. Shi sai ya ce maka to, ya yi murmushi, sannan ya ɗora maka sharaɗin da za ka gwammace da a'a ɗin ya faɗa. Ni Joyce, babbar 'yarsa, a ƙarƙashin wannan to ɗin na girma. Shi ya sa ranar da Haggai ɗan garin Dabai ya zo da kawunnansa neman auren autarmu Saloma, na ji Baba ya ce "to, madalla," sai na tausaya wa yaron tun bai san abin da ya same shi ba.

Haggai ba shi da aibu. Yana da ladabi, ba ya sha, kuma yana son Saloma son da har abin ya kan ba ni haushi. Aikin kwamfuta yake yi wa wani kamfani na Abuja, daga ɗakinsa a nan Zuru. Da suka gaisa, Baba ya riƙe hannunsa bai saki ba. Ya juya tafin, ya latsa shi da babban yatsa kamar mai zaɓen burodi.

"Wanga hannu ya taɓa riƙe hwartanya?"

"Rabona da ita tun ina firamare, Baba."

"Ga zamaninmu," in ji Baba, yana kallon kawunnan, "ba a ba mutum mata hakanan. Sai ya yi golmo."

Kowa a ƙasarmu ya san golmo, saurayi ya yi shekaru yana yi wa surukansa noma kafin a ba shi matarsa. Baba ya yi nasa kafin ya shiga soja, kuma ba ya gajiya da ba da labarin. Kawunnan Haggai suka fara gyaran murya, amma Baba ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba mugu ba ne, ya san zamani ya canja, kowa da irin gonarsa. Ya shiga ɗaki ya jawo akwatinsa na ƙarfe, ya buɗe. Kaset ne cike, na waƙoƙin da ya tsara wa mawaƙan cocinmu tun kafin a haife ni, wasu da Hausa, wasu da yarenmu na C'lela.

"Ga golmonka. Ka kwashe su daga kaset, ka rubuta kalmomin, ka haɗa su wuri guda, yadda tsohuwa za ta buɗe ga wayarta ta ji ba sai da data ba. Ranar da anka gama, sunan wanda ya yi aikin ya hito ƙasan shahi, ran nan za mu sa rana."

Haggai ya yi ajiyar zuciya har kowa ya ji. Ya ɗauka ya sha.

Gaskiya ya yi aiki. Ina da shagon buga takardu kusa da tashar mota, kuma na ɗan san kan kwamfuta, don haka ni aka naɗa mai sa ido. Haggai ya zuba komai a cikin abin da masu sana'arsu ke kira git. Da zai yi wa Baba bayani, sai ya ce rumbu ne. Duk gyaran da mutum ya yi sai ya ajiye shi a ciki, rumbun kuma ya riƙe sunan wanda ya ajiye da abin da ya canja, ba ya mantuwa. Amma ba rumbun za a kai wa jama'a ba, don cike yake da tarkacen aiki da tarihin gyare-gyare. In an gama, akwai umarni guda, git archive, da zai ɗebo tsabar kayan kaɗai yadda suke a ajiyar ƙarshe, ya matse su a ƙunshi ɗaya, wato zif. Wannan ƙunshin ne za a riƙa turawa waya zuwa waya.

Baba ya ji daɗin bayanin. Rumbu da ƙunshi abubuwa ne da ya sani.

Damina ta yi nisa kafin Haggai ya zo ya ce ya gama. Ya buɗe kwamfutarsa a barandar Baba yana nuna masa shafi-shafi. Baba ya bi komai da ido har ƙasa, inda aka rubuta "Wanda ya kammala wannan aiki." A gaban kalmomin ba suna, sai wasu haruffa a tsakanin alamar dala biyu.

"Mi ne ne wanga? Kai ne dala?"

Da Haggai ya yi dariya ya wuce, da yanzu ba ni da labari. Amma masu kwamfuta ba sa iya ganin tambaya su ƙyale. Ya gyara zama, ya ce ai gurbi ne. Bai so ya rubuta sunansa da hannunsa ba, kada a ce yabon kai. Ranar da aka ƙunshe, na'urar da kanta za ta duba wanda ya yi ajiyar ƙarshe a rumbun, ta cike gurbin da sunansa.

"Wanda ya yi ta ƙarshe," in ji Baba a hankali.

"Shi fa, Baba."

"Ko da ƙanƙanen gyara ne?"

"Ko waƙafi ne, Baba."

Na ga idon mahaifina ya yi wani haske da na sani tun ina yarinya. Mutumin da ya yi aikin sigina, wato sadarwa, a soja ka nuna wa ƙofar da ba mai gadi. Ya ce aikin ya yi kyau, amma a soja ba a karɓar kaya sai an yi insifekshan. Ranar Lahadi bayan sujada za a taru a nan barandar, ya duba, sannan a ƙunshe a gaban idonsa. Kuma bayan insifekshan ba mai sake taɓa kaya.

Washegari da safe sai ga Baba a shagona, da sandarsa da hularsa. Bai taɓa zuwa ba sai in yana son a buga masa takardar fansho. Ya zauna, ya tambayi lafiyar mijina da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sassauta murya.

"Kwamfutarki ta hannu, tana iya shiga rumbun yaron nan?"

"Tana iya, Baba."

"Ki sa mata sunana."

Na gane inda ya dosa tun bai rufe baki ba. Na kuma sa masa, har da muƙaminsa. Kada wani ya tambaye ni dalili. Haggai ya taɓa shiga shagona ya ce kwamfutocina sun girme shi, a gaban kwastoma. Na riƙe abin a raina, don ni 'yar Sajan ce. Na koya wa Baba yadda ake gyara rubutu da yadda ake ajiyewa. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana cije leɓe, amma sau ɗaya ake nuna masa abu.

Ranar Lahadi aka taru. Saloma ta ci ado tana ta kai da kawowa da ruwan sha wanda ba wanda ya nema. Haggai ya zo da abokinsa Mubarak, wanda ya taya shi wanke muryoyin kaset ɗin daga ƙara. Baba ya ce a kwamfutata za a yi, don ita ce ta gida. Na jawo aikin Haggai duka a cikinta, na ajiye a gabansa. Ya bi waƙoƙin yana gyaɗa kai, har ya zo kan wata ta godiyar kaka da ya tsara tun muna yara. Ya sa yatsa a kan layi guda.

"Ruwa ya sauka kan dutse dawa ta ɗaga kai. Ina mai waƙa za shi yi numhwashi? So kake tsohi su shiɗe cikin coci? Nan akwai waƙahi."

"Bari in sa, Baba."

"Zauna. Mai insifekshan shi ka gyara."

Ya sa waƙafin bayan dutse, ya ajiye a rumbu da yatsansa guda, ya ce a ƙunshe. Haggai ya buga umarnin, zif ya fito, aka tura a wayar Saloma. Ta buɗe, ta gangara ƙasa da sauri, murmushinta ya tsaya a rabi.

"Karanta muna," in ji Baba.

"Wanda ya kammala wannan aiki, Sajan Philemon."

"Ashe!" Baba ya tafa hannu, wai mamaki. "Ni na yi aikin? To wa zan ba ɗiyata, kaina? Yaro, da sauran golmo. Sai Lahadi ta sama."

Mubarak ya fita waje da gudu, wai an kira shi a waya. Ta taga na hango shi ya dafa bishiyar mangwaro yana dariya har da hawaye.

Lahadin da ta biyo baya Haggai ya zo da shiri. Ya yi wani ɗan gyara da safe don sunansa ya zama na ƙarshe. Baba ya bi waƙoƙin, ya zo kan layin nan, ya daɗe yana kallo.

"Na yi tunani cikin makon ga. Mawaƙin kirki ba shi numhwashi nan. Waƙahin ga shina karya waƙa."

Ya cire shi, ya ajiye. Sunansa ya sake fitowa. Lahadi ta gaba ya ce ya tausaya wa tsofaffi, ya mayar. Haka waƙafin nan ya riƙa shiga yana fita kamar akuyar maƙwabta, har mawaƙan coci suka samu labari. A wurin koyon waƙa, in an zo layin, rabi su ja numfashi rabi su wuce, sai kowa ya fashe da dariya.

Ba wai Haggai bai san mafita ba. Ya san su da yawa, Baba ne ya toshe su ɗaya bayan ɗaya. Haggai ya goge gurbin ya rubuta sunansa ƙuru-ƙuru, Baba ya ce ko ɓarawo ya iya rubuta sunansa a jikin buhun wani, a mayar da gurbi na'ura ta faɗa. Mubarak ya tuna masa cewa umarnin nan ba dole sai daga ajiyar ƙarshe yake ɗiba ba, ana iya nuna masa wadda ta gabata. Haggai ya gwada, ya ƙunshe daga tasa ajiyar, sunansa ya fito tas. Saloma har ta fara guɗa. Baba ya karɓi wayar, bai ko kalli sunan ba, ya nufi waƙar godiyar kaka.

"Ina waƙahina?"

"Baba, ai daga ajiyar da ta gabaci taka na..."

"Wato ka zubar da maganar babba, ka ƙunshe taka. Tun ba a ba ka ɗiyar ba ke nan."

Haggai ya durƙusa ya ba da haƙuri. In waƙafin Baba yana ciki, sunan Baba ne. In ba ya ciki, aiki bai cika ba. Mubarak ya ba shi wata shawarar, ya ce a lallaɓa a canja sunan da ke cikin kwamfutata ba tare da tsohon ya sani ba. Haggai ya ce shi ba zai shiga gidan mutum ta taga ba. Na ji wannan maganar daga bakin Mubarak, kuma ta ɗan rage mini jin haushin maganar kwamfutocina.

Saloma ce ta zo ta same ni a shago, idonta ja. Ba ta zauna ba.

"Yaya, ke kinka koya mishi."

"Ni rubutu kawai na koya masa."

"Kina dariya. Kowa na dariya. Ni ce ba a tambaya ba ko abin na ba ni dariya. Mutanen Dabai sun hwara cewa ko Baba na da wani da yake so ya ba."

Ta juya ta fita. Dariyar ta ɗan yi mini ɗaci a baki. Da yamma na rufe shago da wuri na tafi gida da niyyar in ce wa Baba wasan ya isa. Tun daga ƙofa na ji su. Yana zaune a kujerarsa ta baranda yana jan waƙa, Saloma na tsince shinkafa a gefensa tana bi masa da murya ta biyu, duk da fushin da take yi da shi. Haka suke yi kullum tun rasuwar mahaifiyarmu. Ni na yi aure, 'yan'uwanmu maza suna barikoki daban-daban, gidan da ya saba da hayaniya ya koma shi da ita. Na tsaya a zaure ban shiga ba. A nan na gane ba mugunta ce ke sa shi wasa da waƙafi ba, tsoro ne. Tsohon da ya je yaƙi ya dawo yana tsoron ranar da zai ja waƙa ba mai amsawa. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushinsa, don da bakinsa ba zai taɓa faɗa ba.

Abin da ya sauya lissafin daga garin Kanya ya zo. Mama Beatrice, wadda muryarta ce ke jan yawancin tsofaffin kaset ɗin, ta daɗe a kwance a gidan ɗanta. Ta aiko a tambaya ko an gama, tana so ta ji kanta tun tana iya ji. Saƙon ya iso a gaban Haggai ranar insifekshan, Baba ya riga ya cire waƙafin na wannan makon.

Haggai ya rufe kwamfutarsa. Ya ce, "Baba, a fitar da shi hakanan da sunanka. Waƙoƙin naka ne, sunan ya dace. A kai wa Mama Beatrice yau."

"Golmon hwa?"

"Na faɗi a wannan. Zan yi na gaske. Gobe ina gonarka."

Aka tura wa Mama Beatrice ƙunshin a ranar, da sunan Sajan a ƙasa. Baba ya ce wannan na marar lafiya ne, ba shi ne na jama'a ba. Maganar gona kuwa ya ɗauka cika baki ne. Sai da gari ya waye aka ga Haggai ya wuce a kan babur, da sabuwar fartanya mai takardar kanti a jiki, da takalmin ƙwallo.

Ban je gonar a ranar farko ba, amma na je a ta biyu, don labarin ya riga ya zaga unguwa. Gonar Baba dawa ce da wake da gyaɗa a tsakani, abin alfaharinsa. Haggai ya dubi waken da ke yaɗo a ƙasa ya yanke hukuncin cewa ciyawa ce mai naci, ya bi shi kunya-kunya yana sarewa. Wuta-wuta kuwa, wadda kowane manomi ke tsinewa don ita ke kashe dawa, ya ga furenta da kyau, ya bar ta, har yana tara mata ƙasa a gindi. Na samu Baba a bakin gonar ya dogara da sanda, bakinsa na motsi ba sauti.

"Baba, ka hana shi mana."

"In hana shi in ce mi? Ni na ce golmo shi ne mutunci. Gaban kawunnanshi na hwaɗa."

"To ka nuna masa wake."

"Na nuna mishi. Ya ce ya gane. Ya koma ya sare gyaɗa."

Amma ya dawo washegari, ya sake dawowa. Tafin hannun nan mai laushi ya yi bororo, ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da rana yana gona, da yamma yana aikin kamfaninsa da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. Bai yi gunaguni ba, bai aiko kowa roƙo ba. Saloma ta riƙa kai masa kunu, tana wucewa ta gaban Baba ba ta kallonsa. Ni kuma na yanke shawara. Haggai ya ce ba zai shiga ta taga ba, amma ni gidan ubana ne, ba ni da taga. Zan canja sunan da ke kwamfutata zuwa nasa, Baba ya sa waƙafinsa da hannunsa, sunan Haggai ya fito, in ga yadda zai yi ƙorafi ba tare da ya tona kansa ba.

Kamar ya ji tunanina. Ranar Juma'a ya shigo shago, ƙafarsa duk taɓon gona.

"Sunan nan nawa da kinka sa, ina na'urar ke ɓoye shi?"

Na nuna masa wurin, layi guda ne.

"Kowa na iya canja shi?"

"Duk wanda ya riƙe kwamfutar."

"Haka na yi zato." Ya naɗe wayar caji, ya rufe kwamfutar, ya sa ta a hammata. "Tana hannuna sai Lahadi. Cikin akwati za ta kwana, makulli ga wuyana. Na san ɗiyan da na haihwa."

Na bi shi da kallo har ya sha kwana. Ban taɓa jin an kama ni tun ban yi laifin ba sai ranar.

Lahadin nan barandar ta cika, don Baba da kansa ya aika a kira kawunnan Haggai, ya ce za a fitar da ƙunshin jama'a. Mawaƙa ma suka biyo mu daga coci ba a gayyace su ba. Na ɗauka so yake ya kunyata yaron a gaban danginsa, raina ya ɓaci tun ba a fara ba. Haggai ya zauna a ƙasa, hannuwansa a naɗe da tsumma. Saloma ta ƙi yin ado, ta tsaya a bakin ƙofa da zanen aiki.

Baba ya ciro makulli daga wuyansa, ya fito da kwamfutar. Ya bi waƙoƙin a natse kamar bai taɓa ganinsu ba. Da ya iso layin dutse, mawaƙa suka fara ƙunshe dariya.

"Tsohi na buƙatar numhwashi," in ji shi. Ya sa waƙafin, ya ajiye da yatsansa guda. "Joyce, hannun yaron ga ba shi aiki. Ke ki ƙunshe."

Na buga umarnin da ƙarfi don ya san ina fushi. Zif ya fito. Na ce a ba ni wayar wani in tura, Baba ya ce ta Saloma. Ta ce ita ba ta karantawa, ta san abin da ke ciki. Ya ce umarni ne. Ta karɓa tana tura baki, ta gangara ƙasa ba ɗoki, ta buɗe baki za ta rero abin da ta saba. Sai ta matso da wayar kusa da fuskarta.

"Karanta muna mana."

Ba ta iya ba. Na karɓi wayar daga hannunta. A gaban "Wanda ya kammala wannan aiki," da manyan baƙaƙe irin na mai buga rubutu da yatsa ɗaya, an rubuta HAGGAI SURUKINA.

Na karanta da ƙarfi. Wata daga cikin mawaƙa ta callara guɗa, sauran suka ɗauka. Mubarak ya rungume Haggai ta baya yana jijjiga shi, shi kuwa ya kasa tashi, sai kallon Baba yake. A duniyar nan mutum ɗaya ne ya kwana da kwamfutar, kuma mutum ɗaya ne zai iya rubuta wannan kalmar.

Har yau mutanen unguwa sun rabu biyu. Wasu sun ce hannun Haggai da ya fashe ne ya karya zuciyar Sajan. Wasu sun ce sauran wakensa ya ceta. Ni na san ubana, na ce duka biyun ne, kuma waken ya ɗan fi nauyi.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa aka yi shiru. Ya dubi kawunnan.

"Bayan an shigar da amhwanin gona, abin da yaronku ya rage muna, ku zo ku ɗauki matarku. Asabar ta hwarko bayan Kirsimeti." Ya juya ga Haggai. "Kai kuma, in na sake ganin ka kusa da gonata, na hwasa."

Aka yi dariya. Saloma ta zo ta durƙusa a gabansa tana kuka, ta kifa kanta a gwiwarsa. Ya ɗora hannu a kanta, ya buɗe baki kamar zai yi wani barkwancin, bai fito ba. Ya sake gwadawa. Sai ya zame ƙafarsa a hankali ya miƙe, ya ce bari ya shiga ɗaki ya ɗauko tabaransa, yana so ya duba rubutun nan da kyau.

Tabaran suna kan hancinsa. Duk mun gani, ba wanda ya gaya masa. Ya shiga ya tura ƙofa, muka zauna muna jiransa.